Wa zai hau, wa zai zame? Yadda ake hasashen makomar matasan 'yan wasan tanis

Tun da aka kawo gasar matasan 'yan wasan tanis ta duniya birnin Jidda a 2023, wasan da a da ba kasafai ake tayar da zancensa a majalisun Hausawan Saudiyya ba ya fara samun masu bibiya. Daga 2023 zuwa 2025 an buga gasar a rufaffen zauren da ke harabar wasanni ta Sarki Abdullah, wurin da magoya bayan Al-Ittihad da Al-Ahli suka daɗe da sani. A watan Disambar 2025 Learner Tien na Amurka ya ɗaga kofin bayan ya doke Alexander Blockx na Beljiyam. Abin da ya ɗaure wa sababbin masu kallo kai shi ne, da aka fitar da jerin gwanayen duniya bayan gasar, kofin bai ƙara wa Tien ko maki ɗaya ba. Ga kuma hasashe yana ta yawo a Facebook da X: wannan ya ce matashin Brazil João Fonseca ne zai shiga goman farko, wancan ya ce a'a, Jakub Mensik na Jamhuriyar Cek ne. Kafin a iya auna waɗannan maganganu, sai an fahimci yadda ake hawa jerin, da kuma yadda ake faɗowa daga kansa.

## Yadda jerin yake aiki

Hukumar ATP ce ke kula da gasannin ƙwararrun maza, ita ke fitar da jerin gwanaye, yawanci ranar Litinin. Tun watan Fabrairun 2024 jerin yana ɗauke da sunan PIF, wato asusun zuba jarin gwamnatin Saudiyya. Wannan yarjejeniyar tallan suna ce kawai. Asusun ba shi da hannu a lissafin maki.

Lissafin kuwa na mako 52 ne. Duk makin da ɗan wasa ya samu yana zaune a asusunsa shekara guda, sannan ya faɗi. Wanda ya ci ɗaya daga manyan gasanni huɗu na duniya (ta Ostireliya, Roland Garros, Wimbledon da ta Amurka) yana samun maki 2,000. Ƙasa da su akwai gasannin Masters masu maki 1,000, sai masu 500, sai masu 250, sai kuma ƙananan gasannin Challenger da ke bayar da tsakanin 50 zuwa 175, inda kusan kowane matashi ke fara yin suna.

A nan ne abin da 'yan wasa ke kira kare maki ya shigo, kuma shi ne ya fi ruɗa mai kallo. Ɗauki Jakub Mensik na Jamhuriyar Cek. A ƙarshen Maris 2025 ya doke Novak Djokovic a wasan ƙarshe na Miami, ya kwashi maki 1,000, ya yi tsalle daga na 54 zuwa na 24. Wa'adin faɗuwar waɗannan maki shi ne ƙarshen Maris 2026. A ce, misali, ya koma Miami ya kai zagayen 'yan takwas aka cire shi, wanda ba ƙaramin ƙoƙari ba ne ga yaro ɗan shekara 20, zai samu maki 200, ya yi asarar 800 ke nan. Mai duba wayarsa ranar Litinin zai ga sunansa ya gangaro, ya ɗauka yaron ya lalace, alhali mai yiwuwa wasansa ya fi na bara kyau. Akasin haka ma na faruwa: wanda bai taɓuka komai a wani wata na bara ba, duk abin da ya ci a irin wannan watan bana riba ce tsantsa.

Saboda haka tambayar farko ga duk mai hasashe ita ce: ya duba a wane wata ne makin yaron za su faɗi?

## Kofin Jidda da abin da tarihinsa ya nuna

An fara gasar matasan a Milan ta Italiya a 2017. 'Yan wasa takwas ke bugawa, a rukuni biyu. Da farko iyakar shekaru 21 ce, daga 2024 aka mayar da ita 20. Dokokinta daban suke da na sauran gasanni: kowane saiti (babban kashi na wasa) yana ƙarewa a gem 4 maimakon 6 (gem shi ne ƙaramin kashi a cikin saiti), kuma ana gaggauta raba gardama, wato gajeren wasan yanke hukunci idan aka yi kunnen doki. Saboda wannan bambanci, da kuma kasancewar ƙofarta a rufe take ga waɗanda suka wuce shekarun, ba ta bayar da maki. Kuɗi take bayarwa, kuma ba kaɗan ba. João Fonseca, da ya ci ta 2024 ba tare da an doke shi ko sau ɗaya ba, ya tafi da sama da dala 500,000, kusan riyal miliyan 2.

Jerin waɗanda suka ci kofin yana ba kowane ɓangare hujja. Masu cewa gasar madubin gobe ce suna nuna Jannik Sinner (2019) da Carlos Alcaraz (2021), waɗanda suka raba dukkan manyan kofuna takwas na 2024 da 2025 a tsakaninsu. Suna ƙarawa da Stefanos Tsitsipas (2018), wanda ya kai na 3 a duniya. Masu ja da su kuwa suna fara lissafi daga Hyeon Chung na Koriya ta Kudu, zakaran farko. Wata biyu da cin kofin, ya doke Djokovic a Ostireliya, ya kai wasan kusa da na ƙarshe, sannan ciwon ƙafa da na baya suka taso shi gaba. Bai taɓa wuce na 19 ba. Brandon Nakashima (2022) ɗan wasa ne nagari, amma har ƙarshen 2025 bai leƙa goman farko ba, Hamad Medjedovic na Sabiya da ya ci ta farko a Jidda kuwa bai kusanci ashirin na farko ba. Daniil Medvedev ya buga ta 2017 bai ci ba, ga shi ya ɗauki kofin Amurka a 2021, ya zama na ɗaya a 2022.

Akwai kuma wani abu da ke rage wa kofin nauyi a matsayin ma'auni: waɗanda suka riga suka yi nisa sukan tsallake gasar. Fonseca da Mensik, duk da shekarunsu sun ba su dama, ba su buga ta 2025 ba.

## Hawa uku ne, ba ɗaya ba

Yawancin gardamar da ake yi tana tasowa ne daga haɗa abubuwa uku a kalma ɗaya.

Hawa na farko shi ne shiga ɗari na farko. Wannan ne ke raba mai cin abinci da wasan da mai cin bashi dominsa. Manyan gasanni huɗu suna da gurbi 128, kuma kusan 104 daga ciki ana ba wa na saman jeri kai tsaye. Sauran sai sun bi ta wasannin share fage ko sun samu gurbin alfarma. Maki a kewayen 600 sukan isa, kuma yaro mai hazaka yana iya tara su a gasannin Challenger cikin shekara guda.

Hawa na biyu shi ne shiga talatin ko ashirin na farko. A manyan gasanni ana rarraba gwanaye 32 a jadawali yadda ba za su haɗu da juna ba sai zagaye na uku, don haka wanda ya shiga cikinsu ya samu sauƙin zagayen farko. Na 20 yakan riƙe maki a kewayen 2,000. Mako ɗaya mai albarka yana iya kai mutum bakin wannan ƙofa. Valentin Vacherot na Monako yana na 204 lokacin da ya ci gasar Shanghai a Oktoban 2025, ya wayi gari a na 40. Shekarunsa 26 a lokacin, kuma babu jerin “matasa masu tasowa” da ya taɓa ɗauke da sunansa.

Na uku kuma wata duniya ce. Alcaraz da Sinner sun gama 2025 kowannensu da maki sama da 11,000, na uku, Alexander Zverev, bai kai rabin makin na ɗaya ba. Tazarar da ke tsakanin na 20 da na 10 ta fi wadda ke tsakanin na 100 da na 20 wahalar cikewa, domin a can sama mako ɗaya mai kyau ba ya isa. Sai mutum ya riƙa kaiwa zagayen ƙarshe-ƙarshe kusan duk inda ya je, daga Janairu zuwa Nuwamba. Wanda ya ce wane “zai hau” bai faɗi komai ba tukuna, sai ya faɗi wanne daga cikin ukun yake nufi.

## Inda masu hasashe suka rabu

Akwai masu riƙe da shekaru. A wurinsu, shekarun da yaro ya shiga ɗari na farko su ne alama mafi ƙarfi, kuma tarihi yana tare da su sosai: Nadal, Djokovic, Alcaraz da Sinner duk sun shiga kafin su cika 19. Alcaraz ya zama na ɗaya a 2022 yana ɗan shekara 19, mafi ƙanƙanta da ya taɓa hawa wurin. Raunin wannan ma'auni shi ne yana lissafa waɗanda suka yi nasara ya manta da sauran. Donald Young na Amurka ya zama na ɗaya a jerin yara a 2005, amma cikin manya bai wuce na 38 ba. Stan Wawrinka kuwa sai da ya kai 28 kafin ya ci babban kofinsa na farko a 2014, ya ƙara biyu a kai.

Akwai masu lissafin kwamfuta, da ke amfani da tsarin Elo da aka aro daga wasan cas. Wannan tsari bai damu da girman gasa ba. Wa ka doke, shi ne tambayarsa. Doke na 5 a zagayen farko ya fi cin ƙaramin kofi da ba a haɗu da kowa ba daraja. Amfaninsa shi ne yana hango yaron da wasansa ya riga makinsa yin gaba. Amma bai san ciwon gwiwa ba, bai san saɓani da koci ba.

Sai masu auna wasan da ido, yawancinsu tsofaffin 'yan wasa da masu horarwa. Su abin da suke nema shi ne makami: bugun da zai ba yaro maki a sauƙaƙe ranar da komai ya ƙi. Galibi sabis suke nufi, wato bugun buɗe wasa. Sai dai Giovanni Mpetshi Perricard na Faransa ya nuna iyakar wannan tunani. Tsayinsa mita 2.03, kuma a Wimbledon ta 2025 ya buga sabis mai gudun kilomita 246 a awa, mafi sauri a tarihin gasar, amma a wannan wasan aka cire shi. Wanda ba ya iya karya sabis ɗin abokin karawarsa, wato cin gem ɗin da abokin karawar ke buɗe wasa, kullum wasansa a kan siraɗi yake ƙarewa, maki ɗaya ko biyu su yanke hukunci.

Duka ɓangarorin uku sun yarda a kan abu ɗaya, wato fili. Ana buga tanis a kan daɓe mai tauri, da jar ƙasa, da ciyawa. Daga Afrilu zuwa farkon Yuni kakar jar ƙasa ce, mai ɗauke da gasannin Masters uku (Monte Carlo, Madrid, Rum) da Roland Garros. Wanda ba ya iya zamiya a jar ƙasa ya bar maki masu yawa a hannun wasu kowace shekara, kuma da wuya ya zauna a goman farko.

## Sunaye uku da ake ta kai da kawowa a kansu

Fonseca, ɗan Rio de Janeiro da aka haifa a Agustan 2006, shi ne ya fi jan hankali. Ya fara 2025 a wajen ɗari na farko, ya doke Andrey Rublev a zagayen farko a Ostireliya, ya ci kofin Buenos Aires a jar ƙasa a Fabrairu, ya ci na Basel mai maki 500 a rufaffen zaure a Oktoba, ya gama shekarar cikin talatin na farko. Wanda ya kalle shi daga kusa a Jidda zai tuna ƙarar raket ɗinsa idan ya sake bugun gaban hannu: yakan dasa ƙafa, ya juya kafaɗa gaba ɗaya, ƙwallon ta wuce kafin abokin karawa ya gama ɗaga ƙafa ta biyu. Hujjar masu goyon bayansa ita ce kofuna biyu a fili iri biyu yana ɗan shekara 18 zuwa 19. Masu taka-tsantsan suna cewa irin wannan bugu yana zuwa da kurakurai masu yawa, kuma a 2025 bai wuce zagaye na uku ba a manyan gasanni, inda ake buga saiti har biyar, jiki da haƙuri su yi aiki.

Mensik, haifaffen Satumbar 2005, shi ne kaɗai a cikin ukun da ya ci Masters zuwa ƙarshen 2025. Dogo ne mai sabis mai ƙarfi, kuma a wasan ƙarshe na Miami duka saiti biyun a raba gardama ya ƙwace su daga hannun Djokovic. Matsalarsa biyu ce: jikinsa da ya sha tilasta masa janyewa daga gasanni, da kuma kasancewar kaso mai tsoka na makinsa na 2025 daga mako biyu na Miami ya fito.

Tien, bahago ne haifaffen Disambar 2005, ba shi da tsayin Mensik, ba shi da ƙarfin bugun Fonseca. Da tarbar sabis da karanta abokin karawa yake cin wasa. A 2025 ya doke Medvedev a saiti biyar a Ostireliya, ya doke Zverev a Acapulco, ya kai wasan ƙarshe a Beijing inda Sinner ya doke shi, ya ci kofin Metz a Nuwamba. Michael Chang, wanda ya ci Roland Garros a 1989 yana ɗan shekara 17, ya shiga cikin masu horar da shi. Masu lissafin kwamfuta suna son sa saboda manyan da ya kayar. Masu auna wasa da ido suna tambayar ko sabis ɗinsa zai ɗauke shi zuwa goman farko, suna kuma nuna cewa kusan duk nasarorinsa a daɓe mai tauri ya same su.

Idan aka ɗora ma'aunan uku a kan juna, abin da ya fi fitowa shi ne: zaman ukun cikin talatin na farko abu ne mai ƙarfin hujja, shiga goman farko mai yiwuwa ne ga ɗaya ko biyu daga cikinsu, zancen ture Alcaraz da Sinner kuwa har yanzu buri ne, ba lissafi ba.

## Rauni da kuɗi

A wajajen 2023, sunayen da ke bakin mutane su ne Holger Rune da Arthur Fils. Rune na Denmark ya ci Masters na Paris a 2022 yana ɗan shekara 19, ya kai na 4 a 2023. A Oktoban 2025 jijiyar agararsa ta tsinke ana tsakiyar wasa a Stockholm. Fils, wanda ya buga wasan ƙarshe a Jidda a 2023, ya shiga sha biyar na farko a 2025, sai tsagewar ƙashin baya ta fitar da shi daga Roland Garros, ta cinye masa kusan sauran shekarar. Akwai dokar da ke ba wanda ya yi jinyar wata shida ko fiye damar shiga gasanni da tsohon matsayinsa, amma ba ta mayar masa da maki, ba ta kuma sa shi cikin gwanayen da ake rarrabawa. Yana iya faɗawa hannun Sinner tun zagayen farko.

Kuɗi kuma, a tanis babu kulob mai biyan albashi. Ɗan wasa shi ke biyan kocinsa, da mai tausa, da tikitin jirgin tawagarsa. Medjedovic ya samu tallafin Djokovic a farkon tafiyarsa. Ben Shelton da Vacherot ta jami'o'in Amurka suka bi, inda makaranta ke ɗaukar nauyin horo. Yaran ƙasashen da ke da manyan gasanni sukan samu gurbin alfarma a gida, wanda ke ba su damar tara maki da wuri. Wannan na cikin dalilan da suka sa jerin ya cika da 'yan Turai da Amurka.

## Abin da ya shafi mai kallo a Jidda, Makka da Riyad

A Oktoban 2025 ATP ta sanar cewa Saudiyya za ta karɓi sabuwar gasar Masters, ana sa ran farawa daga 2028. Ita ce za ta bambanta da abin da aka saba gani a ƙasar, domin za ta bayar da maki. Wasan baje-kolin Six Kings Slam na Riyad, wanda Sinner ya ci a 2024 da 2025 da ladan dala miliyan 6, shi ma ba ya bayar da maki. Masu goyon bayan wannan zuba jari suna danganta shi da shirin ƙasar na 2030, masu suka daga waje suna cewa ana amfani da wasanni ne don gyara suna, wasu 'yan wasa kuma kukansu shi ne jadawalin shekara ya riga ya cika maƙil. A 2028 Fonseca zai cika 22, Mensik da Tien 23, shekarun da Sinner ya fara cin manyan kofuna.

Ga iyaye, lissafin daban ne. Ƙwallon ƙafa ta daɗe da buɗe wa 'ya'yan Hausawa ƙofa a Saudiyya. Usama Hawsawi, haifaffen Makka, shi ya jagoranci tawagar ƙasar a gasar cin kofin duniya ta 2018. Tanis na buƙatar fili na haya, da koci, da tafiye-tafiye tun yaro bai kai 12 ba. Labarin Frances Tiafoe, ɗan 'yan Saliyo da mahaifinsa ke aikin kula da wata cibiyar tanis a Maryland, ana yawan kawo shi ne saboda irinsa ba shi da yawa.

Ya kamata kuma mai karatu ya lura da inda hasashe ya fito. Da yawa daga shafukan da ke jera “waɗanda za su haskaka bana” na kamfanonin caca ne ko masu yi musu talla, kuma caca haramun ce a addini, laifi ce a dokar Saudiyya.

Wanda ke son auna hasashen da kansa, kalanda ta ishe shi. Janairun 2026 ne wa'adin faɗuwar makin zagaye na huɗu da Tien ya samu a Ostireliya a 2025. Melbourne tana gaban Makka da awa 8, don haka wasannin safiyarsu kafin asuba ake kallonsu a nan, na darensu kuma da hantsi. Fabrairun 2026 ne wa'adin maki 250 na Fonseca na Buenos Aires, watan da ake buga gasannin Doha da Dubai masu maki 500. A ƙarshen Maris sai 1,000 na Mensik. Daga nan a shiga jar ƙasa, inda Tien bai tara maki masu nauyi a 2025 da zai kare ba.